Matar da Ta Taje Rigar Mamaci

Shekara talatin da takwas ke nan, duk sa'ad da ƙanƙara ta narke muka kora dabbobi zuwa jailoo, makiyayarmu ta kan tsauni, sai mun tarar Burulkan-eje, wato Yaya Burulkan a harshenmu, ta riga mu hawa. Farin tantinta na kafe can nesa da bukkokinmu, ko kare ba ta yarda ya raɓe shi. Da sassafe takan cusa ƙafar wando cikin dogon takalmi, ta ɗaure wuyan hannun riga tam, ta ɗauki doguwar waya mai farin ƙyalle a baki, ta bi ramukan suur, dabbar nan mai kama da ƙatuwar gafiya da ke tsayawa da ƙafa biyu tana yi wa mutum fito. Ta zura wayar cikin rami, ta ɗan jira, ta zaro a hankali, ta tsince ƙuman da suka maƙale a ƙyallen da hantsaki ta jefa a kwalba. In tarko ya kama suur, sai ta shimfiɗa shi a farin faranti ta taje gashinsa da mataji mai ƙananan haƙora, tun daga wuya har wutsiya. Da rana kuma ta shige tanti, ta kifa ido a madubin bincike, tana duba ƙuma ɗaya bayan ɗaya har la'asar.

Mu kuwa me za mu yi ban da dariya? Mace ta tafi babban birni ta yi shekara biyar tana karatun ilimin halittu, ta dawo tana taje ɓeraye. Muka sa mata suna Makitsiyar Suur. In ta biyo ta wajen da ake tatsar goɗiya, ba a rasa mai tsokana.

"Eje, yau wace amarya aka yi wa kitso?"

"Ƙanwarka ce," in ji ta, ko waiwaye babu. "Ta ce in gaishe ka. Ta ma fi ka tsabta."

Abin da take nema mun san shi, ba ma dai son ambatonsa ne. Baƙar annoba. Kakanninmu ko sunanta ba sa kira. Tana kwance cikin jinin suur da cikin ƙuman jikinsa, ta yi shekara ashirin tana barci, har a manta da ita, rana ɗaya ta farka. Burulkan-eje takan ce aikinta sauraron tsauni ne. Muddin suur na fito, to da sauƙi. Ranar da muka ji gangare ya yi tsit, mu kwashe 'ya'yanmu mu sauka.

A watan nan ta ajiye aiki. An sha shayi a tashar yaƙi da annoba, an miƙa mata takardar yabo da agogon bango, kowa ya watse. Abin ya ci mini rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Sunana Sagin, malamin makaranta ne a Jel-Bulak, kuma ina cikin waɗanda suka fi kowa ƙarfin dariya a wancan lokacin. Ba don ita ba, da yau shekara ashirin da ɗaya ciyawa na tsiro a kaina.

Wana Duishon-baike makiyayin dawaki ne, ƙato, wanda ban taɓa jin ya ce kansa na ciwo ba. A jailoo zazzaɓi ya kama shi, kwana biyar ya ce ga garinku nan. Muka ce sanyi ne ya shige shi da ya ƙetare kogi a kan doki. Aka kafa bukkar ulu, aka kwantar da shi bayan labule, mata suka zauna suna koke, aka yanka doki. Kafin rana ta biyu mutane sun hauro daga ƙauyuka bakwai, sun kusa ɗari biyu, ga dawakai a ɗaure har bakin rafi.

Kayan mamaci a wajenmu ba sa kwana a akwati. Ana raba su ga waɗanda suka yi masa wanka da makusantansa, kuma mayar da su cin fuska ne. Yawanci sai bayan wanka ake rabon. Amma tun safiyar farko mahaifiyarmu Uulkan-apa ta leƙo ta gan ni tsaye a ƙofar bukka ina karɓar gaisuwa, ina rawar sanyi. Ta koma ciki ta ɗauko babbar rigarsa ta fatar tunkiya, wadda yake fita kiwo da ita, ta yafa mini da hannunta.

"Sa, Sagin. Ai taka ce daga yau. Bari in riƙa jin ƙanshinsa a jikinka."

Na sa. Na wuni da ita, na tashi da ita. Na ji wuyana na ƙaiƙayi, na ce gashin tunkiya ne.

Da hantsi a rana ta biyu, masu wanka huɗu sun riga sun naɗe hannun riga, ruwa na kan wuta, sai ga mahayi ya gangaro daga sama a guje. Burulkan-eje ce, cikin farin kayan aiki tun daga kai har ƙafa, baki da hanci a rufe, hannu cikin safar roba. A gidan makoki! Ta sauka, ta tsaya taku goma daga mutane. Babban dattijonmu, Aksakal Mambetali, ya dogara sanda ya tako.

"Aksakal, a gafarce ni," ta ce. "Su wa suka taɓa gawar?"

"Haka ake gaisuwar mutuwa a makarantarku, 'yata?"

"Allah ya jiƙansa. Su wa suka taɓa shi?"

Ta gaya masa a gaban kowa. Kwana uku ke nan gangaren da ke saman garken Duishon ya yi tsit. Ta tsinci suur goma sha ɗaya matattu a bakin ramukansu. Da safen nan kuma ta ga fatar ɗaya a shanye bayan dutse, kusa da turken dawakinsa. Tana so a ɗaga labule ta duba hammatar mamacin.

Wurin ya kaure. Wani ya ce mace ta buɗe gawar namiji, kuma ba 'yar dangi ba? Wani ya ce karatu ne ya taɓa mata kai. Ni ma, Allah ya yafe mini, na matso gaba ina kumfar baki, ina cewa ta koma wajen ɓerayenta ta bar mu mu binne ɗan'uwanmu. Matsowar da na yi ce ta sa idonta ya faɗa kan rigar.

"Malam, rigar wa ce wannan?"

"Ta baike ce."

"Tun yaushe take jikinka?"

"Tun jiya."

Idanunta kaɗai ake gani, kuma a cikinsu na ga tsoro. Matar da ke zura hannu cikin ramin da mu ko leƙawa ba ma yi, ita ce ta tsorata, kuma ni take kallo.

"Kada ka kakkaɓe ta," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Zare hannu ɗaya a hankali. Yauwa. Sai ɗayan. Ajiye ta nan."

Ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan ciyawa, ta kwantar da rigar ta juya cikinta, ta durƙusa, ta zaro matajin nan da muka yi shekaru muna yi wa dariya. Ta taje baya, ba komai. Ta taje hannu, ba komai. Mutane suka fara gunaguni, ni kuwa ina addu'ar Allah ya kunyata ta, ban taɓa roƙon wani abu da gaske kamar wannan ba. Da ta kai ɗinkin wuya, sai wani ɗan baƙin ɗigo ya faɗo kan ƙyallen, ya yi tsalle. Sai na biyu. Sai uku a tare. Ta dafe su da auduga mai magani, ta ɗauki ɗaya da hantsaki ta kai gaban ɗan madubin da ke rataye a wuyanta.

"Wannan ba na kare ba ne, ba na tumaki ba. Ƙuman suur ne."

"Shi ya gaya miki sunansa?" in ji wani daga baya. Ba wanda ya yi dariya.

"Shekara goma sha bakwai nake kallon fuskarsu," ta ce. "Na fi sanin su da 'ya'yan cikina."

Sai muka ji kuka daga ƙofar bukka, ba irin na makoki ba. Matar wana ce, Kenjegul, ta fito tana riƙe da ƙyaure.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," ta ce. "Ya kamo suur, eje. Ya ce kada in faɗa, tunda kin hana. Kitsen yake so, a narka a shafa wa apa a gwiwa, ta daina kwana tana nishi. Ya ce abin bai ko gudu ba, da hannu ya ɗauke shi. Kuma hammatarsa ta kumbura, ni na rufe da riga."

Apa na tsaye a bayanta, ta ji komai. Sai ta sa hannu ta dafe gwiwar.

Abin da ya biyo baya ba abin alfahari ba ne, amma zan faɗa. Maza suka yi kan dawakansu. Waɗanda ɗazu suke rantsuwar ba za su bar Duishon ba sai sun zuba masa ƙasa, su ne gaba, kowa ya yi ta kansa. Hanyar sauka daga jailoo ɗaya ce, ta kan wata gadar katako da doki biyu ba sa wucewa a jere. Burulkan-eje ta riga su can a ƙafa, da gudu, cikin wannan dogon takalmi. Ta zauna daram a tsakiyar gadar.

"Tashi, eje, wallahi zan bi ta kanki!" in ji wani saurayi, dokinsa na turjiya.

"Bi. Amma gaya mini, jiya ka rungumi Sagin ko ba ka rungume shi ba? 'Ya'yanka nawa a gida? Wanne za ka fara ɗauka in ka isa? Na riga na kira tasha ta rediyo, likitoci na hanya da allura. A nan akwai magani, a gidanka babu. Kwana shida kawai nake roƙo."

Ba na ce maganar ta ishe su ba, don tsoro ba ya jin lissafi. Abin da ya tsayar da su shi ne Aksakal Mambetali, da ya taho yana jan ƙafa, ya ratsa tsakanin dawakai, ya zauna a bakin gadar ya gitta sandarsa. Ya ce shi dai ya gaji, a nan zai huta, wanda ba ya jin kunyar gemunsa ya tsallake shi. Ɗaya bayan ɗaya suka juya linzami.

Sauran ya fi wuya. Ta duba hammatar, ta fito ta ce ba wanda zai taɓa gawar da hannu tsirara. Liman ya ce in wanka zai cuci masu rai, taimama ta wadatar, shi kuma ya sa safar roba ya yi da kansa. Mutum huɗu kaɗai suka kai wana kabari. Aka tara rigar da shimfiɗarsa da ulun da ya kwanta a kai, Burulkan-eje ta zuba kananzir ta ƙyasta ashana. A nan apa ta yi magana.

"Ɗana zai tafi gaban Allah ba wanka. Kin ƙone mini ƙanshinsa. Allah ya sa ke ma ki rasa mai yi miki wanka!"

"Tsine mini, apa," ta ce. "Amma ki bar ni in riƙe miki wannan da ya rage."

Likitoci suka iso washegari. Kwanakin nan ba na fatan su ga maƙiyina. Mutum ɗari biyu zaune a tsakanin rafi da tsauni, kowa na satar laluba hammatarsa in ya ga ba a kallo. Wani ya yi tari, sai ka ga wurin ya dare. Wani tsoho ya ce sun zo gaisuwar yini ɗaya ga shi za su cinye doki uku, aka yi dariyar yaƙe. Kullum da safe a jera mu a auna zafin jiki, kuma a rana ta uku nawa ya hau. Kafin azahar kaluluwa ta fito mini a wuya, daidai inda ƙeyar rigar take gogawa, girman ƙwan kaza.

Aka ware ni a wani tanti ni kaɗai. Ina jin dawaki na cin ciyawa a waje, ina jin matata na kiran sunana daga nesa an hana ta matsowa. Na ƙirga kwanakin wana, na ga biyar ne, na fara ƙirga nawa. Na yi kuka, ba na ɓoyewa, kukan ƙaton namiji mai tsoron mutuwa. Burulkan-eje ba likita ba ce, ba ita ke yi mini allura ba. Amma kowace safiya kafin ta hau tsauni sai ta tsaya a ƙofar tantin.

"Malam, har yanzu kana nan? Makitsiya ce ta zo gaishe ka. Ka daure, yaran makaranta sun fara murna, kada ka bari su huta."

A rana ta shida kumburin ya fara sacewa. Likitan ya ce da an ƙara kwana biyu ban ga allura ba, da shi ke nan. Ni kaɗai na kamu. Mutum ɗari biyu suka koma ƙauyuka bakwai, ba wanda ya kai wa iyalinsa komai sai labari.

To kun san hali. Da yake ba a mutu ba, kafin ƙanƙara ta sauko an fara cewa ai da ma ba abin da zai faru, matar ce ta cika zuzuta abu. Haka aikinta yake. In ta yi shi daidai, ba abin da za a gani, sai a ce zaman banza take yi.

Ke ce, Burulkan-eje, kika yi wata guda bayan nan kina bin gangaren a ƙafa kina busa hodar kashe ƙuma a rami bayan rami, makiyaya sun gan ki, har tafin takalminki ya rabu kika ɗaure da waya. Ke ce 'yarki ta gaya mini ba ta taɓa sanin rungumar uwa ranar dawowa ba, sai kin yi kwana shida a ɗakin baya tukuna, suna leƙenki ta taga. Ke ce na tambaya wata rana yaushe kika daina jin tsoron abin, kika dube ni kamar na yi tambayar wauta, kika ce kullum da shi kike tashi, ranar da kika daina kuwa ranar za ki kashe wani. Mai kunnen jin shirun tsauni, yabon gwani ya zama dole, ko da ya zo a makare daga bakin wanda ya zage ki.

Apa ta yi shekara goma sha huɗu ba ta amsa gaisuwarta ba. In sun haɗu a hanya sai ta juya kai ta dubi katanga. Burulkan-eje kuma ba ta fasa gaishe ta ba ko sau ɗaya. Da ciwon ajali ya kwantar da apa, ta kira ni ta ce in rufe ƙofa.

"Matar nan mai mataji. Ita za ta shiga wankana. Ku ba ta rigata ta karammiski."

"Apa, kin yafe mata ke nan?"

"Kai dai ba ka da wayo, duk da karatunka. Wa ya ce maka ita ta yi laifi? Gwiwata ce ta kashe shi. Na rasa wanda zan zaga ne, ita kuma ta tsaya."

Ta zo. Ta yi wa apa wanka da hannunta, ba safar roba. Da aka miƙa mata rigar, matata na wurin, ita ta ba ni labari cewa Burulkan-eje ta karɓa da hannu biyu, hawaye na zuba, sai kawai aka ga ɗayan hannun ya shiga aljihu ya fito da mataji, ta bi wuyan rigar sau ɗaya ba ta ma san ta yi ba. Mata suka riƙe baki. Can wata ta fashe da dariya, duk ɗakin ya ɗauka, ana kuka ana dariya. Rigar ce a jikinta ranar da aka sha shayin sallamarta.

A ranar ta ajiye matajin a kan teburin tasha ta ce na wanda zai gaje ta ne. Na tambaya jiya, yana nan inda ta bar shi. Matasa biyu sun taɓa gwada aikin tun tana nan, ba wanda ya kai shekara, wai ba a san su ba, ba a ganin abin da suke yi. Gaskiya suka faɗa. Amma ku ɗalibaina na da, da ku da kuke zaune a aji yanzu kuna son ilimin halittu, ina roƙonku, ko mutum ɗaya a cikinku ya je ya ɗauka. Za a yi maka dariya, za a sa maka suna, wataƙila wata uwa ta tsine maka. Ka je wajenta tun tana da ƙarfin hawa ta nuna maka fuskokinsu.

Burulkan-eje, na gode. 'Ya'yana uku da aka haifa bayan wancan makokin sun gode, ko da ba su san dalili ba sai yau. Allah ya ba ki hutun da ba ki taɓa samu ba.

Makon jiya na hau jailoo. Ba farin tanti a inda ya saba tsayawa. Na tsaya a ƙarƙashin gangaren wana na kasa kunne, sai da na daɗe kafin wani suur ya miƙe a kan dutse ya yi fito, wani ya amsa masa. Na yi hamdala na juyo. Amma ni malamin makaranta ne mai nauyin kunne, kuma baɗi ban san wa zai saurara ba.